Jarumar Misra Mun Sani, Ta Cikal Fa?

Duk wanda ke karanta littattafan yaƙi na Kano, ko yake saurarensu cikin salula, ya san irin macen da nike nufi. Ɗiyar sarki ce ko ɗiyar boka, an horar da ita tun tana ƙarama, tana riƙe da takobi, tana ratsa daji goma sha biyu, aljanu na tare mata hanya tana sare su. Labarinta ba ya ƙarewa a littafi guda. Akwai na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, kuma kowane yana tsayawa daidai inda an ɗaga takobi ba a kai sara ba. Abdul'aziz Sani Madakin Gini shi ne sunan da aka fi ji a wanga fage. A nan Filinge littattafan kan zo mana sun sha hannu, bango ya yage, wani shafi ya ɓace, amma galibi yanzu murya ce ake turawa daga salula zuwa salula, har wanda bai taɓa zama lakkwal ba yana biye da labarin.

A ƙungiyarmu mun sha gardama kan wagga jaruma. Na lura ra'ayin ya kasu uku, kuma kowane ɓangare yana da abin da ya gani da abin da ya ƙi gani.

Na farko ra'ayin wasu samari ne. Cewa suke ƙarya ta yi yawa, wai ina aka taɓa ganin mace ta kada ƙarti arba'in? Abin dariya shi ne, a littafin nan dai namiji zai hau bayan aljani mai kai bakwai ya keta teku cikin ƙiftawar ido, ba wanda zai ce uffan. Aljani mai kai bakwai ya shiga hankali, mace mai takobi ce ta gagara shiga. In ka matsa musu sai su ce, “To ai shi namiji ne.” Nan gardamar ke mutuwa, don ba maganar littafi ake ba kuma.

Na biyu ya fi nauyi, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Akwai ƴan'uwa maza da mata da ke cewa littattafan cike suke da tsafi da bokaye, kuma duk wanda ya saba da sha'awar mai tsafi, wata rana zuciyarsa za ta daina ƙyamar shirka. Su marubutan ma sun san da wanga tsoro. Shi ya sa suke yin dabara biyu. Suna kai labarin can nesa, birnin Misra ko birnin Kisra, a wani zamani da ba wanda ya san shekararsa. Sannan a ƙarshe sai wani jarumi Musulmi ya bayyana, addu'arsa ta karya sihiri, gari ya musulunta. Mai karatu ya sha daɗin tsafin shafi ɗari uku, ya wanke hannunsa a shafi goma na ƙarshe.

Na uku ra'ayin yawancin ƴan matanmu ne. Suna son jarumar, amma ƙarshenta na ɓata musu rai. Wata daga cikinmu ta ce, “Kullum haka ne. Ta gagari sarakai, ta gagari aljanu, sai wani saurayi ya zo ya kada ta, ta ce ta kamu da sonshi, shi ke nan an aje takobi.” Wanda bai san ƙasar nan ba zai ce ƙorafi ne kan tatsuniya. Amma a Nijar kusan uku cikin huɗu na ƴan mata ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. Kowa a cikinmu yana iya lissafa waɗanda munka fara aji tare, yau suna ɗaki da goyo. Yarinyar da ta ga haka, in ta ga an aje takobin jaruma ranar aure, ta san abin da ake faɗa mata.

Ni nawa ganin, duk ra'ayoyin nan uku suna tsaye kan abu ɗaya da ba mu faɗi: mun yarda da mace mai ƙarfi da iskoki matuƙar tana nesa. In ta matso kusa sai mu fara kame-kame.

Mu ɗauki wadda ta matso rabin hanya, Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, a kan hanyarta ta zuwa tafkin Cadi. Rundunar nan ta bar gawa da toka a garuruwa da dama, mafi muni a Birnin Ƙonni. Mutanen Lugu sun tsaya sun yi faɗa da kibau, sannan sunka janye cikin kurmi. Wata uku bayan haka, a Yuli, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi, kwana kaɗan kuma sojojinsu sunka kashe shi da Chanoine a wajen Maijirgi. A Arewa har gobe akwai masu cewa bakin Sarauniya ne ya bi su.

Abdoulaye Mamani, ɗan Sawaba da ya sha gudun hijira, shi ya mai da wanga labari littafi da Faransanci a 1980. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, aka ɗauke shi a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. A littafin da fim ɗin, Sarauniya mayaƙiya ce da aka koya wa baka da kibiya da sirrin itatuwa tun tana yarinya. To amma sarautar Sarauniya a Lugu, wadda har yau ake gadonta, sarautar tsafin ƙasa ce ta Azna. Mai riƙe da ita tana zaune ne a ɗakinta, ba ta yawo, ana zuwa wurinta. Mamani ya ba ta makami a hannu domin ƙasa na bukatar jaruma, kuma ya yi nasara: yau akwai rediyo da talabijin mai sunanta a Yamai, akwai lambar girma ta ƙasa mai sunanta, yara na jin labarinta a lakkwal.

Amma ku saurari yadda ake ba da labarin. Ana faɗin ta yaƙi Nasara. Ana saurin wuce cewa ita ba Musulma ba ce, kuma mutanenta sun dogara ne da iskokin ƙasarsu. Mun karɓi kibiyar, mun ture abin da ya ba masu kibiyar ƙarfin zuciya. In mushe ya tambaya a aji wace ce Sarauniya, kowa ya ɗaga hannu. In aka tambaya da me ta tara mutane, sai a yi tsit.

Yanzu mu zo gida. A 1925, a Cikal, nan Kurfai, wata mace mai suna Shibo ta fara hawan wasu iskoki da ba a saba gani ba a wasan bori. Iskokin nan suna tafiya irin ta soja, suna ba da oda, suna kiran kansu gwamna da kumandan da kaftin. Su ne ake kira Babule, Zabarmawa kuma da littattafan Turawa sunka fi saninsu da Hauka. Matasa da yawa sun bi ta. Sun ƙi biyayya ga sarautar Gado Namalaya da Faransa ke mara wa baya, a lokacin da haraji da aikin tilas ke cin talaka. Kumandan Crocicchia na Yamai ya sa aka kama su da dama aka kulle. Bai kashe abin ba, sai ma shi kansa ya zama iska a cikinsu, wanda ake kira Kumandan Mugu. Ƴan ci-rani sunka ɗauki Babule har Gwalkwas, Gana ta yau, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a Ankara, ya fito a 1955. Masana a Turai da Amurka sun yi rubuce-rubuce kan abin, har yau ana koyar da fim ɗin a jami'o'i.

Ku duba da kyau. Mace, ƴar ƙauye, ba takobi, ba sarauta, ta ɗauki siffar mai mulkin da kowa ke tsoro ta sa a jikinta, har mai mulkin ya tsorata ya aiko a kama ta. Wane marubucin littafin yaƙi ne ya taɓa ƙago abin da ya kai wannan? Kuma ba a Misra aka yi shi ba. Daga Filinge zuwa Cikal ba wata tafiya ba ce. Amma na tambayi ƴan ajinmu, waɗanda ke iya jero maka sunayen aljanun littafi goma ba tuntuɓe, kaɗan ne sunka taɓa jin sunan Shibo. Wasu sun san Babule, don sun ji gangarsu ko sun ga ana wasan daga nesa, amma ba su san daga ƙasarsu abin ya tashi ba.

Shirun nan yana da dalili, kuma ya kamata mu faɗe shi. Na ɗaya, jikokin kowane ɓangare suna nan da rai, na masu sarauta da na waɗanda sunka bijire, muna aji ɗaya, muna auren juna. Na biyu, bori abin kunya ne yanzu a gidaje da yawa. Tsohuwar da ta san labarin ba ta son jikanta mai zuwa makarantar Islamiyya ya ce kakarsa ƴar bori ce. Na uku, kalmar hauka ita kanta ta rufe ƙofa. Da an ce “mahaukata ne” an gama, ba sauran tambayar me ya kai su, me sunka ƙi, me aka yi musu.

Ga abin da nike cewa ƴan'uwana masu tsoron shirka, kuma da girmamawa nike faɗi. Ba da labari daban, bauta daban. Malamanmu na ba mu labarin Fir'auna da masu sihirinsa, ba wanda ya ce sun yi sihiri. Ni Musulmi ne, ba ni zuwa wasan bori, ba ni kuma kiran kowa zuwa gare shi. Amma in na rubuta cewa a 1925 kakanninmu sun ga wulakanci sun rasa kotu, sun rasa jarida, sun rasa jam'iyya, sai sunka yi magana da harshen da ke hannunsu, ban ƙara kome a kan gaskiya ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mu tashi muna jin cewa duk abin mamaki a wata ƙasa yake faruwa, mu nan sai fari da yunwa da labarin hari a rediyo. Yaron da ya yarda garinsa ba shi da labari, da wuya ya ga dalilin tsayawa ya gyara shi.

Wasu sun riga mu gane haka. Nnedi Okorafor, ƴar asalin Najeriya da ke Amurka, ta rubuta Akata Witch a 2011, ta ɗora labarin yarinya mai baiwa a ƙasar Ibo, ta ci gaba da shi littafi bayan littafi. Tomi Adeyemi ta fitar da Children of Blood and Bone a 2018, ta gina shi kan al'adun Yarabawa, duniya ta saya. Ba su je aron aljanun kowa ba. Mu da ke da dallol da tsaunukansa, da rijiyoyi masu zurfi da kowa ya san abin da ake faɗi a kansu, da Babule, da Sarauniya a maƙwabta, mu ne kullum ke sayen tikitin Misra.

Samarin da ke cewa mace ba ta iyawa, amsarsu na Cikal. Ƴan matan da sunka gaji da jarumar da ake aje wa takobi, su ma a nan za su samu wata iri. Jarumar da za ta fito daga Kurfai ba sai ta sare ƙarti arba'in ba. Tana iya zama mai zuwa rijiya da asuba, mai tsoron sarki, mai tsoron ubanta, mai tsoron abin da ke hawa kanta ma, wadda ba ta tabbata ko baiwa ce ko ciwo ba. Maƙwabta su kasu biyu a kanta, liman ya yi mata nasiha da gaskiyarsa, dogari ya zo da igiya. In an rubuta ta haka, mai karatu na iya ƙin abin da ta yi, amma ba ya iya cewa bai san ta ba. Kuma labarin ba shi bukatar a zagi gidan kowa, don shi ma sarkin yana tsakanin kumandan da talakawa ne, kowane gefe wuta.

Ba ina cewa mu bar littattafan Kano ba. Ni kaina ina jiran na gaba kamar kowa, kuma su sunka koya wa da yawanmu karanta Hausa, abin da lakkwal ba ta yi mana ba. Abin da nike roƙo ƙarami ne. Shekara ɗari ke nan da tashin Shibo. Waɗanda sunka gani da ido sun tafi, saura waɗanda sunka ji daga bakinsu, su ma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Hutun nan, duk mai kaka a Cikal ko ƙauyukan kewaye, ya zauna kusa da ita bayan sallar isha'i, ya tambaye ta a hankali, ba da izgili ba, ba da wa'azi ba. In ta ce kada a faɗi sunanta, kada a faɗa. Ya rubuta abin da ya ji ko da shafi biyu ne, ya kawo. Kuɗin fotokofi mu haɗa kamar yadda munka saba.