Taya Daidai Da Hanya

Wani dattijo a Mashegu ya sabunta tsohuwar motarsa Peugeot 504, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Ɗansa ya nace a sa mata wili mai inci 16 don ƙawa. Dattijon ya nuna masa lambar asali, 175 R14, watau faɗin taya milimita 175, wili kuwa inci 14. Ya ce in wili ya ƙaru, tilas gefen taya ya gajarta, in ba haka ba ta riƙa gogar jikin mota. Gajeren gefe kuwa, rami ɗaya a hanyar Kontagora ya isa ya fasa shi, alhali iyali na ciki. Aka bar ta a 14.