Ruwan Birnin Gwari Da Iyakar Mai Nutso

'Yan'uwana mata, da an ce Birnin Gwari abin da ke faɗo mana a rai daji ne da labarin 'yan bindiga. Amma ƙasar akwai ruwa. Ga madatsar Bagoma, ga kogin Mariga, ga Dogon Ruwa can cikin dajin Kamuku, wanda gwamnatin tarayya ta mayar gandun ƙasa a 1999.

Biki ne ya kai mu ni da Yayana, wanda sojan ruwa ne, ya koyi nutso da tukunyar iska goye a baya. Dajin kam Inna ta hana mu shiga, sai muka tsaya bakin Bagoma da la'asar. Samari na ta alkafura cikin ruwa. Ɗayansu, ganina da ƙawayen amarya, ya ce da zai sami tukunyar Yaya sai ya taɓo ƙasan teku. Su maza dai!

Yaya ya yi murmushi ya ce, "Ƙanena, tukunyar ma da iyakarta." Ya ce sabon shiga mita 18 ne iyakarsa, wanda ya ƙara horo mita 30, mai nutson nishaɗi kuwa ba ya wuce 40. Dalili, duk mita 10 ruwa na ƙara danne mutum, iskar naitirojin da muke shaƙa ta yi ta shiga jini. Daga wajen mita 30 sai ta fara bugar da shi kamar mashayi, yana dariya, ya manta hanyar sama. Wajen mita 60 kuma oksijin ɗin kanta guba take zama, ta jawo farfaɗiya cikin ruwa. Wani Bafaranshe, Maurice Fargues, ya rasu a 1947 bayan ya kai mita 120.

Fitowar ma ba a gaggawa. Ana tsayawa minti 3 a mita 5, in ba haka ba jini ya yi kumfa kamar lemon kwalba da aka girgiza.

A hanyar komawa masauki ya nuna mini tsofaffin ramukan haƙar zinare da damina ke cikawa, inda yara sa'o'in ƙannenmu ke wanka. Ya ce ko da tukunyarsa ba zai shiga ba, don ruwan jajir yake, ba ka ganin tafin hannunka, gefen ramin kuma ruftawa yake yi.