Addinin Buda da Sunan da Ya Yi na Zaman Lafiya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ɗan ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan addinin Buda, wanda ake cewa duk duniya babu addinin da ya kai shi son zaman lafiya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata gardama ce da ta tashi a ofishinmu. Na ce mabiyan Buda ko sauro ba su kashewa. Abokin aikina ya ɗago kai daga takardunsa ya ce, "To, malam, je ka gaya wa 'yan Rohinja haka." Na rasa ta cewa. Kunya ta kama ni, gama na ga ashe shekara ashirin ina yawo da magana a baki, ban taɓa auna ta ba.

A wuri biyu na samo ta. Na fari makarantar mishan inda na yi karatu, malaminmu ya gaya mana cikin manyan addinai wannan kaɗai ne bai taɓa zare takobi ba. Na biyu bakin kakana, wanda ya yi Yaƙin Bama tare da sojan Afirka ta Yamma a ƙasar Arakan, 1944 zuwa 1945. Yakan ba mu labarin 'yan zuhudunsu, kai a aske, ba takalmi, suna fita da asuba da ƙoƙon bara. Su tsaya a ƙofar gida shiru, ba roƙo, in an zuba musu su wuce. Ya ce bai taɓa ganin masu sanyin hali kamarsu ba. Barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna, sunayensu daga rafukan wannan ƙasa aka samo su.

To, wannan Arakan ita ce Rakhin ta yau, a ƙasar da aka sake wa suna Myanmar. Daga ƙarshen Agusta 2017 ne sojan ƙasar suka shiga ƙone ƙauyukan musulmi 'yan Rohinja, mutum fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash. A 2019 ƙasar Gambiya ta kai ƙarar Myanmar kotun duniya a Heg. Kogin Kalapanzin ɗin nan ta tsakiyar ƙasar waɗannan mutane yake bi.

Na koma na yi karatu, ga abin da na samu. Lalle malaminmu bai ƙaga maganarsa ba. Buda, watau Siddata Gotama, ɗan sarauta ne da aka haifa a Lumbini, cikin Nefal ta yanzu, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Cikin dokoki biyar da kowane mabiyinsa ke ɗauka, ta fari ita ce kada a kashe mai rai. Ɗan zuhudun da ya kashe mutum da gangan, an kore shi ke nan har abada. Cikin kayansu akwai matacin ruwa, don kada su haɗiye ƙwaro. Kuma akwai Sarki Asoka na Indiya, wanda ya ci ƙasar Kalinga wajen shekara 261 kafin haihuwar Annabi Isa, sa'an nan ya sa aka sassaƙa a jikin dutse cewa an kashe mutum dubu ɗari, kuma yana nadama. Sarakuna nawa muka sani da suka rubuta laifinsu a dutse?

Amma na ci karo da wani labari da ya hana ni barci. Yana cikin Mahawamsa, littafin tarihin tsibirin Silon, watau Siri Lanka, wanda wani ɗan zuhudu ya tsara. Sarki Dutugemunu ya yaƙi Elara, sarkin Tamil, wanda littafin da kansa ya shaida adali ne. Da ya ci nasara sai yawan jinin da ya zubar ya dame shi. Waliyyan addinin su takwas suka zo lallashinsa, suka ce kada ya damu, mutum ɗaya da rabi kaɗai ya kashe: ɗayan shi ne wanda ya karɓi addini ya riƙe dokoki biyar, rabin kuwa wanda ya karɓa bai riƙe dokokin ba. Sauran dubbai, wai, daidai suke da dabbobi. Jama'a, ku dubi wannan lissafi! Ni akawu ne, na san yadda ake gyara littafin kuɗi ya yi daidai alhali akwatin babu kome. Ba su ce kisa halal ne ba, dokar tana nan ba su taɓa ta ba. Waɗanda aka kashe ne suka cire daga cikin mutane.

Da labarin ya tsaya cikin tsohon littafi, da ban dame ku da shi ba. A Oktoba 2017, wata biyu bayan an fara korar Rohinja, wani babban malaminsu mai suna Sitagu ya zauna gaban hafsoshin sojan Myanmar ya ba su wannan labari cikin wa'azi. Kafin nan ma akwai Wiratu, ɗan zuhudun da ya yi suna da zuga jama'a a kan musulmi.

Sauran misalai suna da yawa, sai in taɓa kaɗan. A Japan gidajen zuhudu sun ajiye mayaƙa, har Oda Nobunaga ya ƙone na Dutsen Hiye a 1571. Manyan malaman ɗariƙar Zen sun goyi bayan yaƙin nan da kakana ya je. A 1959 ɗan zuhudu ne ya harbe Bandaranaike, Firayim Ministan Silon.

A ganina, sunan nan na zaman lafiya rabinsa gaskiya ne, rabinsa nisa ne ya jawo shi. Gani daga nesa, ko dutse sumul yake. Turawan ƙarni na 19 yawancinsu a cikin littafi suka san Buda, irin waƙar Edwin Arnold ta 1879, kuma ba su da tsohuwar gabar addini da mabiyansa. Suka auna shi da nassinsa, suka auna sauran addinai da aikin mabiyansu. Wannan mudu biyu ne, kuma da shi aka auna mini a makaranta.

Duk da haka ban yarda da abokina ba da ya ce dukansu macuta ne, sanyin halin nan munafunci ne. A Maris 2013, da rikici ya tashi a garin Mektila aka kashe mutum fiye da 40, wani shugaban gidan zuhudu ya buɗe ƙofa ya ɓoye ɗaruruwan musulmi, ya hana 'yan tarzoma shiga. A 2007 kuwa dubban 'yan zuhudu suka kife ƙoƙonsu, suka ƙi karɓar sadakar sojan da ke zaluntar talakawa, wanda a wurinsu horo ne mai tsanani. Aka yi musu dūka, aka ɗaure da yawa. Sojan nan dai su ne Sitagu ya yi wa wa'azi bayan shekara goma. Na lura inda malami ya zauna tabarma ɗaya da mai mulki, har addini ya zama tutar kabila, nan ne ake samun lissafin mutum ɗaya da rabi. Na gaya wa abokina, shi da ni mun sha jin zafi in an auna addininmu da aikin ɓatagari, don me zai yi wa wasu haka? Ya ce wanda aka ƙone wa gida ba ya tambayar me littafi ya ce. Ban sami amsa ba har yanzu.

Ina roƙon masu karatu waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka je Bama su rubuto abin da suka ji daga bakinsu game da zaman musulmi da mabiyan Buda a Arakan. Kakana ya rasu ban tambaye shi wannan ba.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu, Kaduna.