Daren da shafin zaɓenmu ya ƙi buɗe wa kowa ƙofa

1/ Bari in ba ku labarin daren da aka kusa kira na ɗan maguɗi saboda layi uku da ban rubuta ba. Idan kana koyon haɗa manhajar yanar gizo, ka karanta har ƙarshe, wataƙila ka tsira da barcinka.

2/ Ƙungiyar ɗaliban sashenmu za ta yi zaɓe ranar Asabar. Ni na ɗaga hannu na ce zan haɗa shafin da za a kaɗa ƙuri'a. Da Django na rubuta shi. A kwamfutata na gwada ya fi sau talatin: lambar ɗalibi, kalmar sirri, ka shige. Lafiya lau.

3/ Juma'a da daddare na ɗora shi a saba. Gunicorn na riƙe da manhajar a ƙofa ta 8000, Nginx na gaba yana karɓar baƙi, na sa takardar shaidar Let's Encrypt, ɗan kwaɗon nan ya fito a burauza. Na tura adireshin a gurup na ce kowa ya gwada shiga.

4/ Ko minti biyar ba a yi ba saƙo ya fara zuba. Shafin na buɗewa, amma kana danna "Shiga" sai 403. Har ni mai shafin bai bar ni ba. Sai wani daga ɓangaren ɗaya ɗan takarar ya rubuta: "Dama mun san za a yi haka." Wallahi nan cikina ya ɗuri ruwa, don ɗakinmu ɗaya da abokin hamayyarsu.

5/ Na fara da zargin abin da ba shi da laifi. Na share kukis, na canza burauza, na sake kalmar sirri, na kashe saba na kunna. Shiru. Na leƙa inda ake rubuta kurakurai, babu komai. Ashe idan DEBUG na kashe, Django ba ya nuna irin wannan gargaɗin sai ka tsara masa LOGGING da kanka.

6/ Da na tsara, sai ga maganar a fili: Origin checking failed. Wato burauza ta ce daga adireshinmu mai https ta zo, shi kuma Django ya ce bai san wannan adireshin ba. Tun Django 4.0 da ya fito a Disamba 2021 yake duba wannan, don kare mutane daga harin CSRF, inda wani shafi zai aika buƙata da sunanka ba ka sani ba.

7/ Ba zan ɓoye muku ba, wajen ƙarfe ɗaya na dare na rubuta csrf_exempt a kan shafin shiga, kuma ya yi aiki. Na zauna ina kallonsa. Zaɓe ne fa, ga mutane na zargina, ni kuma maganin da na samo shi ne in cire tsaro. Na goge, na kira wani yayanmu da ya gama shekara biyu da suka wuce.

8/ Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri da kiran dare." Ya saurare ni har na gama, sai ya ce, "Ƙanina, wa yake magana da Django ɗinka, ɗalibai ko Nginx?" Na ce ɗalibai mana. Ya yi dariya ya ce in sake tunani.

9/ Abin da ban gane ba ke nan. Nginx kamar yaron gida ne da ke tsaye a zaure. Baƙo ya yi sallama, yaron ya shiga ciki ya isar. Maigida bai ga baƙon ba, abin da yaron ya faɗa kawai ya sani. Idan yaron bai faɗi wane ne ba, bai faɗi ta ina ya zo ba, maigida zai ɗauka yaron ne ke da buƙatar.

10/ Haka abin ya faru. Ɗalibi na shigowa da https, Nginx ya warware sirrin a bakin ƙofa, ya miƙa wa Gunicorn da http zalla. Kuma idan ba ka gaya masa ba, Nginx ba ya isar da sunan shafin da aka nema, adireshin ciki yake turawa, 127.0.0.1:8000. To Django na ganin wannan, burauza na faɗin wancan. Ina za su daidaita?

11/ Gyaran farko a Nginx, ƙasa da proxy_pass:
proxy_set_header Host $host;
proxy_set_header X-Forwarded-Proto $scheme;
Sannan a Django na sa SECURE_PROXY_SSL_HEADER ya riƙa karanta na biyun. Amma a kula: kar ka kunna shi sai ka tabbata Nginx ɗinka ne ke rubuta wannan bayanin, kuma ƙofa ta 8000 a rufe take ga waje. In ba haka ba kowa zai iya yi wa Django ƙarya.

12/ Na gwada, na shige. Na yi hamdala na kwanta. Da safe ƙarfe takwas aka buɗe zaɓe, kafin takwas da kwata kowa na ganin "an toshe ka na minti talatin". Wannan karon har kira na aka yi, ba saƙo ba.

13/ Wannan kam aikin hannuna ne. Na sa dokar cewa adireshin IP ɗin da ya yi kuskuren kalmar sirri sau biyar a toshe shi. Amma a wurin Django duk ɗaliban sashen mutum ɗaya ne, 127.0.0.1, wato yaron zaure. Mutum biyar suka yi kuskure, aka kulle kowa.

14/ Layi na uku ke nan: proxy_set_header X-Real-IP $remote_addr, Kuma na mayar da toshewar kan lambar ɗalibi, don masu amfani da Wi-Fi ɗaya ma adireshi guda suke fita da shi. Kafin tara komai ya dawo. Kwamiti ya ƙara awa ɗaya a lokacin rufewa.

15/ Na tara wakilan 'yan takarar biyu na nuna musu rajistar Nginx, suka ga 403 ɗin daren jiya ta samu kowa, nasu da namu, kuma babu ƙuri'ar da ta shiga lokacin toshewar. Wanda ya rubuta "dama mun san za a yi haka" bai ba ni haƙuri ba, amma ya goge saƙon. Abokin ɗakina kuma ya faɗi zaɓen.

16/ Abin da na ɗauka: idan abu na aiki a kwamfutarka ya ƙi a saba, kafin ka taɓa lambobinka ka fara duba me manhajarka ke gani. Wane suna, http ko https, wane IP. Kuma don Allah kar ka ɗora aiki ana gobe za a yi amfani da shi. Ni na yi, kuma har yanzu wasu a sashenmu "403" suke kira na.