Ras Nuwadibu: Inda Hamada Ta Yi Kiciɓis Da Teku

Matafiyin da ya bi jirgin ƙasa mai jigilar tama daga Zuwerat, bayan tafiyar kamar kilomita 700 cikin rairayi, zai sauka a Nuwadibu, birni na biyu a ƙasar Muritaniya. Nan ƙasa ta miƙe siririya kamar harshe cikin Tekun Atlantika. Ta wajen yamma gaɓar dutse ta tsaya kamar ganuwa, igiyar ruwa kuwa ta rarake ƙarƙashinta ta yi kogwanni.

Cikin kogwannin nan ne wata dabbar teku mai suna sil take haihuwa. Ta ɗan yi kama da ayun Kwara da Binuwai, tana shayar da ɗanta nono, amma ita kifi take ci. Wanda ya zauna bisa gaɓar ya yi tsit zai ga baƙin kai ya ɓullo, ya shaƙi iska, ya sake nitsewa.

A da, bisa rairayin bakin teku take haihuwa a sarari. Tun ƙarni na 15 Turawan Fotugal suka shiga karkashe ta saboda fata da mai, har ta tsere cikin duwatsu. Maɓoyar kuwa ba ta da tabbas, gama in teku ya hautsine, igiya takan kwashe jarirai. A 1997 aka yi babbar hasara, watau cikin kimanin 300, wajen kashi biyu cikin uku suka mutu. A 2001 aka keɓe wurin, aka hana kafa taru kusa da kogwannin. Sai ga shi a 2009 wata uwa ta fito ta haihu a sarari, daga baya kuma yawansu ya sake haura 300.

Kudu da nan akwai gandun Argin, wanda aka kafa a 1976. A tsibiransa kwasakwasa da sauran tsuntsayen teku suke sheƙa, dubbai bisa dubbai. Doka ta hana kwale-kwale mai inji kamun kifi a ciki, sai na filafilai irin na masunta Imragen, don kada kifi ya ƙare, tsuntsaye kuma su watse.

To, jama'a, ayun kogunanmu ma farauta da taru sun rage shi ƙwarai. Abin da ya ceci sil bai wuce a bar mata wurin haihuwa ba, shi ma ayu abin da yake bukata ke nan.