Kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, mai uzuri ya ajiye shi sai bayan isha'i.

Motata Golf 3 ce, irin wadda kuke gani a tasha an cusa mata fasinjoji ga buhuna a but. Volkswagen ya fara fito da samfurinta a 1991, wato ta girmi wasu da ke karanta wannan rubutu. Tawa sai da ta gama yi wa wani Bature hidima, ta ƙetaro teku, ta ratsa hannu biyu a nan gida, sannan ta iso wurina. Ban taɓa jin kunyarta ba. Ita ke kai yara makaranta, ita ke kai mu ƙauye da salla.

Tun ƙarshen damina ta tsiro da wata ƙara a baya. Duk ramin da na faɗa sai in ji gwaf, kamar an saki guduma a cikin but. Na kwashe but ɗin tas, har safaya taya, ƙara tana nan daram. Daga baya kuma in na sha kwana da ɗan gudu a hanyar Zariya, sai in ji bayan motar yana wani lilo, kamar yana da inda yake son zuwa daban da inda na nufa. Ana cikin haka mai faci ya nuna min tayar baya, ya ce: "Alhaji, gefe ɗaya take ci."

Na kai ta gareji. Bakaniken ya ɗaga ta, ya zura liba a wani lungu ya banƙara, sai ga ƙarfe yana motsi inda bai kamata ya motsa ba. Ya ce bushin ɗin bim ne, duka biyun sun mutu. Da ya faɗi kuɗin aiki sai na ji ya ninka kuɗin robar. Na ce masa, "Haba dai! Roba biyu ce fa, ka cire ka sa." Ya yi murmushi bai tanka ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda aljihu yake, kowace naira sai ka juya ta sau biyu. Na tafi gida na buɗe YouTube, na ga wani Bature ya gama aikin cikin minti goma sha biyu, hannunsa ko baƙi bai yi ba. Na ce wa uwargida, "Asabar ɗin nan da kaina zan yi." Ta dube ni ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Yadda ta faɗa ɗin ya kamata ya ishe ni ishara.

Ga wanda bai san abin ba, bari in kwatanta. Tayoyin baya na Golf 3 a jikin ƙarfe guda suke, doguwar sanda a gicciye mai hannu biyu, kowane hannu riƙe da taya. Shi ne makanikai ke kira bim. Tun Golf na farko a 1974 haka tsarin yake, sai a Golf 5 na 2003 aka sauya shi. Ta gaba, bim ɗin yana haɗe da jikin mota a wuri biyu, kuma a kowane wuri akwai bushin: bututun ƙarfe a ciki, gwangwanin ƙarfe a waje, roba mai kauri manne a tsakaninsu. Ita robar ce ke barin bim ya yi sama da ƙasa ba tare da ƙarfe ya gogi ƙarfe ba, ita ke shanye girgiza, ita ke riƙe tayoyi su fuskanci gaba sosai. Zafin ƙasarmu da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, da shekaru, da ramuka, da lodi, su ke busar da ita har ta tsattsage ta saki ƙarfen. Daga nan sai ƙara, sai lilo, sai cin taya.

Ranar Juma'a da yamma na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa. An ajiye min kala uku: sabo mai tsada, sabo mai araha, da na Beljiyam da aka ciro daga wata motar. A kan ƙarfe ina yarda da Beljiyam, amma roba ko ba a more ta ba shekaru na cin ta. Na tuna araha ba ta ado, na cije na ɗauki mai tsadar, na haɗa da sababbin notuna.

Asabar da hantsi na shimfiɗa kwali a ƙofar gida. Na tokare tayoyin gaba da duwatsu, na sassauta kusoshin taya da sifana mai lamba 17, na ɗaga mota da jak, na jero bulo huɗu zan ɗora ta a kai. Sai ga maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran Peugeot 504 kafin gwiwa ta zaunar da shi. Duk unguwa Baba muke ce masa. Ya tsaya da rediyonsa a hannu, ya dubi bulon, ya dube ni.

"Malam, a kan wannan za ka shiga ƙarƙashinta?"

Na ce, "E, Baba, ai masu ƙwari ne."

Ya ce, "Katako in zai karye yana kuka ka ji. Bulo ba ya gargaɗi."

Ya aiki jikansa ya ɗauko wasu tsofaffin ƙafafun ƙarfe biyu da ake ɗora mota a kai. Ya jawo benci ya zauna, ya ɓare goro. Bai ce zai taimaka ba, ni ma girman kai bai bar ni na roƙa ba.

Kusar farko ta cinye min awa guda. Tsatsar shekara da shekaru ta haɗe ta da bututun ciki. Na fesa mata man sassauta tsatsa, na jira, na zura wa sifana guntun bututu don ƙarin ƙarfi, na danna da iya ƙarfina. Da ta saki, ta saki ne gaba ɗaya, bayan hannuna ya daki ƙarfe, fata ta sale. Wannan ba ya cikin bidiyon Bature. Haka nan bai nuna tiyon birki da ke bi ta daidai wurin ba, wanda in ka sauke bim da shi a ɗaure zai miƙe ya tsage. Baba ne daga kan benci ya ce, "Kwance tiyon nan tukuna, ka toshe bakinsa." Ya kuma hana ni taɓa maƙalin da ke ɗaure a jikin motar, ya ce in ya goce daga mazauninsa tayoyin baya za su karkace. Da bim ya sauko na kai hannu zan fara duka, ya ce in sami fenti in yi alama yadda tsohon yake zaune, domin bushin ɗin yana da fuska, ba a sa shi yadda aka ga dama.

Sai cirewa. Na buga da guduma har kunnena ya yi ɗum, ko gezau. Wani matashi da ke wucewa ya ce a kunna masa wuta robar ta narke, haka ake yi. Baba ya nuna masa tankin mai da ke dab da wurin, bai ƙara ko kalma ba, yaron ya kama gabansa. Hanyar da muka bi mai cin rai ce. Na huhhuda robar da dirili har bututun ciki ya fita, na zura bakin zarton ƙarfe ta cikin ramin, na dinga yanka gwangwanin waje a hankali, ina tsayawa ina leƙawa kada in ci jikin bim. Da ya tsage na sa kurfi na lanƙwasa shi ciki, sai ga shi ya faɗo kamar ba shi ne ya hana ni sakat ba. Ana kiran azahar na gama ɗaya. Na biyun bai kai minti arba'in ba, don hannu ya riga ya gane hanya.

Da dare na sa sababbin a firizar uwargida, tsakanin zobo da kunun aya, wai sanyi ya ɗan tsuke ƙarfen ya shiga da sauƙi. Ƙarfe ɗaya na dare aka ɗauke wuta. Da safe na ciro su ɗumi-ɗumi, ga kuma bayanin da na sha yi a kan abin da kayan mota ke yi a cikin abin sha.

Lahadi na je wurin mai walda ya ba ni doguwar kusa mai zare, da faranta biyu masu kauri da ya huda, da guntun bututu mai faɗi. Da su ake jan bushin ya shiga, kana ɗaure noti yana tafiya kaɗan-kaɗan. Na goge ramin da sanfefa, na ɗauko baƙin mai zan shafa. Baba ya ce, "Mai abokin gabar roba ne, kawo ruwan sabulu." Na farko ya shiga a karkace, sai da na dawo da shi baya na sake saitawa. Wajen la'asar duka biyun sun zauna, alamar fenti ta yi daidai. Na ɗaga bim, na zura kusoshi, na kama sifana na ɗaure su tamau, har ina nishin jin daɗi.

Baba ya kashe rediyo. Ya ce, "Malam, ka kashe su tun ba su fara aiki ba."

Na yi sororo. Ya sauko daga benci da kyar, ya tsuguna, ya kama tsohon bushin ya nuna min. Ya ce bututun cikin nan ba ya juyawa a kan kusa, in ka ɗaure ya kafe ke nan, robar ce ke murɗewa duk sanda taya ta yi sama ko ƙasa. Yanzu mota tana rataye, ƙafafunta sun zubo. In ka ɗaure a haka, kana sauke ta robar za ta murɗe, kuma a murɗe za ta zauna dare da rana, ko mota na tsaye. Kowane rami ƙari ne a kan murɗar da take ciki. Ba za ta daɗe ba za ta yage. "Sassauta. Sa taya, sauke ta, tura ta gaba da baya, danna bayan ta zauna da nauyinta. Sannan ka ɗaure."

Haka na yi. Muka hau da tayoyin baya kan faffaɗan katako don in sami wurin shiga, na kwanta rigingine na ɗaure. Sannan aka zo cire iska daga birki, tunda na kwance tiyo. Babban ɗana ya zauna a kujerar direba, ni ina ƙasa da ƙaramar sifana da gorar roba, ina ta kwarara murya: "Taka! Taka! Riƙe!" Shi kuma yana amsawa, "Na riƙe, Abba!" har kumfa ta daina fitowa, birki ya yi tauri. Na zagaya layinmu a hankali ina gwada birki kafin na yarda na hau titi.

Da dare na zauna na yi lissafi. Kusa da faranta, bakin zarto uku da na karya, man birki, man tsatsa, filasta, ga kwana biyu da ban je ko'ina ba. Abin da na tsira da shi bai taka kara ya karya ba. Amma ba wannan ya hana ni barci ba. Abin da ya tsaya min shi ne maganar da na yaɓa wa bakaniken nan: "Ka cire ka sa." Na yi shekaru ina taya aikin makanikai kamar ina taya tumatir, don a ganina ƙarfi kawai suke sayarwa. Ashe abin da nake biya shi ne jimla guda irin ta Baba, wadda ba ta ɗauki minti ɗaya ba, amma sai da ya fara daga yaron gareji mai wanke notuna a fetur, ya ɓata wasu bushin ɗin, ya sha faɗan maigida, kafin ya mallake ta. Da ba ya kan bencin nan, da na yi wanka na fito ina taƙama, bayan 'yan watanni ƙara ta dawo, in ce an sayar min da jabu.

Ban ce duk bakanike gwani ba ne. Akwai masu dukan bushin da guduma, akwai masu ɗaure shi mota na sama, kamar yadda kowace sana'a ke da nata. Ribar da na samu ita ce yanzu na san tambayar da zan yi, na kuma san wanda ya cancanci kuɗinsa in na gan shi. Wanda ke son gwadawa ya gwada, akwai daɗi a cikin gyara abinka da hannunka. Amma kada ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak ko bulo, kada ya kusanci tanki da wuta, kada ya yi wasa da birki, kuma ya nemi nasa Baban ya zaunar a benci.

Na kai wa Baba ɗan abin goro ya ƙi karɓa, ya ce in dai kai shi masallacin Juma'a. Ranar muna tafe na faɗa wani rami na bakin kwalbati da gangan. Shiru. Na saci kallonsa ina jiran yabo. Ya karkata kai, ya ɗaga yatsa.

"Bayan ya yi. Amma kana jin wannan 'yar ƙarar ta gaba, ta hagu?"

Na kasa kunne. Wallahi ban ji komai ba.

Na ce, "Baba, wannan gareji zan kai ta." Kuma duk abin da bakaniken ya ce kuɗin aiki ne, ba zan taya ba.