Yanka a Kan Gaɓa: Daddatsa Rubutu Shafi-Shafi a Intanet

Mai yiwuwa ne wasu daga cikin malamaina su yi mamakin ganin ɗalibin Hausa ya ɗauko maganar tsara shafukan intanet, alhali ga nahawu da adabi can suna jiransa. To, a yi mini haƙuri. Na ɗauko ta ne domin ta taɓa ba ni kunya a gaban Baffana, ta kuma bar mini wani nauyi a zuciya wanda har yau bai gama sauka ba. Maganar kuwa ita ce ɗabi'ar nan ta wasu masu tsara rubutu a intanet, da za su ɗauki bayani guda wanda bai fi a karance shi a zama ɗaya ba, su daddatsa shi gida goma ko fiye, kowane yanki da shafinsa, sai mai karatu ya danna "na gaba" kafin a ba shi ci gaba.

Ni mutumin Kadawa ne, a ƙasar Garun Malam, kan hanyar Kano zuwa Zariya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, rani ya daina zama lokacin zaman banza a wajenmu da Kura da Bunkure. Ruwa yakan taso daga Tiga da kansa, ba inji ba famfo, ya biyo babbar hanyar ruwa, ya rabu reshen gabas da na yamma, sa'an nan ya yi ta rarrabuwa cikin ƙananan hanyoyi har ya iso bakin gona, inda manomi zai sa tiyo ya jawo shi cikin fangali. Da shi ake noman alkama da shinkafa da albasa da masara, uwa uba tumatir. Amma duk yaron da ya tashi a wurin ya san abu guda, watau a kowace mararraba ruwa raguwa yake yi. Wani ya tsiyaye, wani ciyawa ta tare, wani na gaba ya datse. Gonar Baffa tana can ƙarshen layi, saboda haka tun ina ƙarami na san yadda ake kwana a bakin hanyar ruwa ana jiran abin da na sama suka rage.

A 2016 wata tsutsa ta auka wa tumatir, wadda masana ke kira Tuta absoluta, manomanmu kuwa suka laƙaba mata Sharon. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta ɓulla Sifen a 2006, daga nan ta tsallako Afirka. A shekarar ne aka buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa, ba ta daɗe ba ta dakata saboda babu tumatirin da za ta niƙa. Wahalar wannan tsutsa ita ce a cikin ganye take zama, tana cinsa ta ciki, feshi ba ya samunta da sauƙi, ga ta kuma da saurin sabawa da magani.

Da ta sake dawowa gonar Baffa a ranin 2023, ina gida hutu. Wata safiya muna duba ganye ya ce mini, "Kai ɗan nan, ba ka ce komai yana cikin wayar nan taka ba? Duba mana abin da ake yi wa wannan annoba." Na zauna a kan gyaffan fangali na bincika, na kuwa sami wani bayani da Turanci wanda da gani masani ne ya rubuta shi. Sai dai an raba shi shafi goma sha biyu. Shafin farko hoton tsutsa ne da sakin layi biyu, sauran wurin duk talla. Na biyu tarihinta. Na uku yadda take hayayyafa. Kowane shafi sai na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa kafin ya buɗe, tallar ce kuma take fara fitowa kafin rubutun. A shafi na biyar aka ambaci sunan wani magani da aka ce yana kashe ta. Na danna na shida, ya yi ta juyi, can sai ga saƙo wai datata ta ƙare.

A nan ne na yi nawa laifin, ba kuwa zan ɗora wa kowa shi ba. Maimakon in ce wa Baffa rabin magana na samo, sai na rubuta masa sunan maganin a takarda, na miƙa masa da ƙafafa irin ta ɗan jami'a. Washegari ya tafi Kura ya sayo.

Sai da na koma makaranta, bayan mako biyu, na tuna na buɗe ragowar. Shafi na takwas ya yi gargaɗin kada a yi ta maimaita magani iri ɗaya, domin haka ne ke sa tsutsar ta saba da shi. Na tara ya ce da yamma ake feshi, lokacin da malam-buɗe-littafin da ke haifar da ita yake fitowa. Na goma sha ɗaya kuwa, wanda da na karanta shi gumi ya karyo mini, ya ce lalle ne a jira wasu kwanaki tsakanin feshi da tsinka, kamar yadda aka rubuta a jikin kwalba, domin dafin ya gushe. Baffa bai iya boko ba, rubutun jikin kwalba kuma Turanci ne. Da na kira shi na tarar sau huɗu ya yi feshin, da rana tsaka, yana ƙara murfi guda kowane karo da ya ga ba ta mutu ba, ya kuma tsinki kwanduna washegarin feshi an kai Kwanar Gafan. Wane gida suka shiga, a Kano ko a Ikko, wa ya yi miya da su, Allah kaɗai ya sani.

Tun daga ranar nake tambayar kaina dalilin da zai sa a raba sunan guba da gargaɗinta da tazarar shafi shida. Da na bi diddigi sai na ga al'adar tana da asali. A farkon zamanin yanar gizo layukan waya ba su da ƙarfi, dogon shafi yakan daɗe bai buɗe ba. Har ila yau, wani masanin yadda mutane ke amfani da kwamfuta, Jakob Nielsen, ya lura a tsakiyar shekarun 1990 cewa kaɗan ne daga cikin masu karatu ke gangarawa ƙasan shafi, saboda haka aka riƙa gajarta shafuka. Amma shi da kansa ya sauya magana a 1997, da ya ga mutane sun saba. Abin da ya raya al'adar bayan dalilinta ya mutu shi ne kuɗi. Ana biyan mai shafi gwargwadon yawan nuna talla, galibi a kan kowane dubu, don haka mai karatu ɗaya da aka sa ya buɗe shafi goma sha biyu ya zama mutum goma sha biyu a wajen lissafi. Wanda ya tsara wannan yana zaune ne inda intanet ke zuba kamar ruwan Tiga. Bai san da wanda yake ƙarshen layi ba, mai sayen data ta naira ɗari biyu, wanda kowane dannawa kuɗi ne a wurinsa, balle yanzu da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.

Kada mai karatu ya ɗauka ina ƙin rarrabawa ne ɗungurungum. Wanda zai sako ruwan Tiga gaba ɗaya a gona ambaliya ya yi, ba ban ruwa ba. Jerin sakamakon bincike, ko kundin tsofaffin labarai na jarida, ko farashin kaya dubu, dole a yanka su, in ba haka ba ƙaramar waya ba za ta ɗauka ba. Kishiyar abin ma, watau shafin nan marar gindi da ake ta ja ba ya ƙarewa, irin na Facebook, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Aza Raskin a 2006, ba magani ba ne. Shi Raskin ɗin daga baya ya fito ya nuna nadama. Google ma ya gwada shi a sakamakon bincike daga 2021, ya koma wa shafuka masu lamba a 2024. Mu ɗalibai mun fi kowa sanin amfanin lamba, domin abin da ba shi da shafi na kaza ba a iya komawa gare shi, ba a kuma iya kafa hujja da shi a gaban malami.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu Hausawa ba baƙin wannan sana'a ba ne. Duk wanda ya taɓa buɗe gafakar wani tsohon malami ya ga littattafan ajami da na Larabci warƙa-warƙa ne, ba a ɗinke ba. Amma marubucin yakan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabata, domin ko iska ta watsa su a iya mayar da kowace gurbinta, wanda kuma ya rasa guda ya san ya rasa. Abubakar Imam ya gina littafin farko na Magana Jari Ce a kan yanka, aku yana jan Musa da labari bayan labari don kada ya fita daga fada, amma kowane labari sai ya cika kafin a shiga wani. Marubutan littattafan soyayya na Kano sun raba littafi na ɗaya da na biyu da na uku, 'yan'uwansu na WhatsApp a yau suna ba da shafukan farko kyauta su sayar da sauran. Ban ga laifinsu ba ƙwarai. Ciniki ne a fili, mai saye ya san da saura, kuma ba a taɓa jin wanda ya kwanta asibiti don bai san wa jarumar ta aura ba. Amma bayanin magani, ko na allurar yara, ko sharuɗɗan rancen noma, ba labarin soyayya ba ne da za a riƙe ƙarshensa don jan rai.

Saboda haka abin da nake nema a wurin masu wannan aiki, musamman 'yan'uwanmu da suka fara tsara shafukan Hausa, bai taka kara ya karya ba. In za a yanka, a yanka a kan gaɓa, inda magana ta cika, yadda wanda sabis ya yanke masa a shafi na biyar zai tashi da abin da ba zai cuce shi ba. Gargaɗi ya zauna shafi ɗaya da abin da ake gargaɗi a kansa, ya ma riga shi zuwa. Tarihin tsutsa ai ya iya jira. A kuma gaya wa mutum tun farko shafi nawa ne da abin da ke cikin kowanne, a ba shi hanyar buɗe rubutun duka zalla, ba hoto ba talla. Rubutu tsagwaronsa ba shi da nauyi, hoto guda ya fi dogon bayani cin data.

Da aka yi hutu na gaba na fassara bayanin duka, na taƙaita shi a fuska ɗaya ta takarda, gargaɗin kwanakin jira a can sama. Na tarar da Baffa a bakin hanyar ruwa da almuru yana jiran a sako. Na tsuguna na gaishe shi, na ce, "Baffa, wancan karon rabin magana na ba ka, a gafarce ni." Na karanta masa tun daga farko har ƙarshe, sau biyu. Bai ce komai ba sai da na gama. Ya karɓi takardar ya juya bayanta, ya ga fari fat, ya dube ni ya ce, "Ka tabbata babu saura?" Na ce babu. Ya ninke ta huɗu, ya cire hularsa ya sa a ciki, ya mayar, ya ɗauki tiyonsa, don ruwan ya fara isowa.